Rasuwar Gwaggo, Tukunyar Burukutun Martina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya mamaye ɗan gurbin da ya rage a cikinta, Uwargida Martina Didam ta garin Bowie a jihar Maryland tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan Amurka da na gida, rasuwar tukunyarta ta burukutu, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. An tabbatar da rasuwar ranar Alhamis, ashirin da ɗaya ga Nuwamba, 2013, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, ko da yake daga baya ta bayyana cewa rai ya yi halinsa tun watan Satumba, gawa aka yi ta jinya kwana biyar.

A irin wannan sanarwa akan rubuta cewa iyali sun miƙa wuya ga nufin Ubangiji. Mai makoki ta hana a rubuta haka. Ta ce kada a ɗora wa Ubangiji aikin da hannun mutum ya yi. Mutumin yana da suna, za a kuwa faɗe shi kafin takardar nan ta ƙare.

An gina marigayiya da yumɓun bakin rafi a wani ƙauye kusa da Zonkwa, a shekarar da ba wanda ya rubuta. Mama Talatu, mahaifiyar Martina, ta saye ta tana amarya. Baƙa ce, gajeriya, mai ƙaramin baki da faɗin ciki, ba ta cin abin da ya wuce galan biyu. Ba a taɓa ɗora ta a wuta ba tun da ta fito daga hannun maginiya. Aikinta ɗaya ne, tayar da giya. In an jiƙa dawa ta tsira, aka shanya, aka niƙa, aka dafa, ta kwana ta yi tsami, aka sake dafawa aka tace, abin da ake samu ruwa ne mai zaƙi-zaƙi wanda ko yaro zai sha ya tafi makaranta. Sai an ɗebi kaɗan an zuba wa Gwaggo. Ƙanzon da ya yi shekara da shekaru yana taruwa a bangon cikinta, shi ne ranta. Kafin gari ya waye za a ji ta: tsss, tsss, can kuma ɓul, ɓul-ɓul, kamar tsohuwa tana mita ita kaɗai a ɗaki. Daga kumfarta ake ɗiba a zuba wa manyan randuna, su ma su kama. Shi ya sa sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. A ɗauraye ta da ruwan ɗumi, a kife ta a inuwa, iyakar hidimar da take nema ke nan.

Mai haƙuri ce, mai cika alkawari. Ba ta taɓa kunyata mai ita a gaban baƙi ba. Ta tayar da giyar aure da ta suna da ta noman gayya, ta tayar da ta makoki ba tare da ta bambanta ba. Martina tana shekara tara ta fara tsugunawa gefen mahaifiyarta tana koyon tsoma yatsa a ruwan dawa don sanin ko ya huce daidai. Yayarta Constance ba ta taɓa koyo ba, ita tun tana budurwa ta ce ta bar wa Shaiɗan kayansa.

A shekarar 2001 Martina ta biyo mijinta Bartholomew zuwa Amurka, ta ci gaba da aikinta na nas. A Nuwamban 2003 Mama Talatu ta kwanta, kwana tara ta cika. Takardun Martina suna hannun hukuma a lokacin, lauya ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in ta fita ƙasar ba za ta dawo ba, ga yara biyu ƙanana. A waya ta ji jana'izar uwarta. Wani ɗan'uwa ya ɗaga wayarsa sama a bakin kabari, ta ji waƙa, ta ji kukan mata, sai katin kiran ya ƙare kafin a rufe ramin. Constance ce ta yi komai, ba ta kuma taɓa bari Martina ta manta ba.

Shekara biyu bayan haka Constance ta ci cacar biza. Ita ta ɗauko marigayiya a cinyarta, naɗe da zane uku, tun daga Abuja har filin jirgin Dulles, saboda Mama ta faɗa a gaban shaidu cewa tukunyar nan ta Martina ce. Da jami'in filin jirgi ya leƙa ciki ya tambayi mece ce, Constance ta ce ta shuka furanni ce. Ita ce kaɗai ƙaryar da Constance ta taɓa amsa cewa ta yi a rayuwarta.

Ran da Martina ta fara zuba wa Gwaggo ruwan dawa a ƙasar nan, ba ta sa rai ba. Ƙasa ba tata ba, ruwa ba nata ba, ga doguwar tafiya. Da safe ta sauka ɗakin ƙasa, tun tana kan matakala ta ji ɓul, ɓul-ɓul. Nan ta zauna a kan matakalar ta yi kukan da katin waya ya katse mata. Ba ta gaya wa kowa ba, amma a ranta ta ɗauka cewa Mama ta amsa gaisuwarta.

Shekara takwas marigayiya ta yi tana hidima a Bowie. Kowace Kirsimeti, kowane suna, mutanenmu sukan tuƙo mota daga Baltimore, daga Richmond, har daga New Jersey, su zauna a ɗakin ƙasa da ƙwarya a hannu, dattawa masu digiri uku-uku suna lasar leɓe suna kiran sunayen ƙauyukansu.

A 2011 ne Bartholomew, wanda ke aikin kwamfuta a wani ofis a Washington, ya shiga ƙungiyar Turawa masu haɗa giya a gida. Ya sayo manyan kwalaben gilashi shida, da tiyo, da littafi mai kauri, da wani siririn gilashin awo da ake sakawa ya yi shawagi a cikin giya. Ya ƙwace rabin ɗakin ƙasa. Ya koyi wanke komai da magani, har cokali, har hannunsa zuwa gwiwar hannu. Mutumin da aka yaye da burukutu ya fara kiranta kunu mai hatsari. Giyarsa tana da ɗaci kamar saiwar magani, baƙi sukan kurɓa sau ɗaya don kara, su ajiye a bayan kujera. A bazarar bana kashi biyu na giyar tasa suka lalace, suka yi tsami, ya zubar. Ya yi mako guda yana kumbure-kumbure. Mai makoki ta tuna cewa har lallashinsa ta yi.

Ga yadda jinyar ƙarshe ta kasance.

Bana Mama Talatu ta cika shekara goma. Martina ta gayyaci mutum sittin zuwa addu'ar tunawa ranar Asabar, ashirin da uku ga wata. Ta ɗauki hutun mako guda a asibiti. Ta samo jar dawa buhu biyu wurin wani manomi a Pennsylvania, ta tsirar da ita a gareji, tana juyawa safe da yamma. Kamar yadda ta saba in tukunyar ta daɗe a kife, ta fara da ɗan kaɗan mako guda kafin ranar, don ta tashe ta daga barci. Ranar Asabar sha shida ga wata da yamma ta zuba.

Lahadi da safe, kafin su tafi coci, ta sauka. Shiru. Ta durƙusa ta kara kunne a bakin tukunyar, ba ta ji komai ba sai numfashinta. Ruwan yana kwance lumui, ko ɗigon kumfa babu.

Bartholomew ya sauko yana ɗaura agogo. Ya leƙa, ya ce, "Sanyi ne, Maman yara. Ba ki ji yadda garin ya juya ba? Ki lulluɓe ta."

Ta lulluɓe ta da bargon gadonsu. Suka je coci suka dawo. Shiru.

Litinin da safe ta kira Injiniya Umaru, maƙwabcinsu ɗan Funtua, mai aikin gyaran na'urorin ɗumama gida. Umaru ko warin giya ba ya so. Ya tsaya a matakala ta uku da hankici a hanci, ya ce, "Madam, ni ba zan taɓa ba, ba zan leƙa ba. Amma zafi dai zafi ne, ko na mene ne." Ya miƙa ma'aunin zafinsa daga nesa kamar mai harbi. Ya ce ɗakin hamsin da takwas yake a lissafin ƙasar nan, abin da ya saba da zafin Zonkwa kuwa ba zai motsa a haka ba. Ya toshe wata kafa a jikin taga, ya koma gida ya ɗauko hita, ya saita ta a tamanin da biyu. Da zai fita ya ce, "Allah ya shirye ku," yana dariya. Iyali suna miƙa masa godiya ta musamman. Shi kaɗai ne namiji a ɗakin nan da ya faɗi abin da ya sani.

Ɗaki ya ɗumama har bango yana gumi. Gwaggo ba ta ce uffan ba. Abin da ya fito a saman ruwan wata farar yana ce mai kama da saƙar gizo, da warin tsami mai hawa kai.

Da rana Bartholomew ya dawo daga ofis da wuri, wai hankalinsa ya kasa kwanciya. Ya ɗebi ruwan ya saka gilashin awonsa, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallo kamar likita.

"Lambar ba ta motsa ba," in ji shi. "Zaƙin yana nan yadda kika zuba shi, ba abin da ya ci shi. Ina zargin ruwan famfo. Wani lokaci sukan ƙara magani ba su sanar ba."

"Shekara takwas da ruwan nan nake yi."

"To ai bana ba bara ba ce. Ki gwada na kwalba."

Ta zubar da na farko. Ta tuƙa mota ta sayo ruwan kwalba galan goma. Ta sake dafa wani, ya kwana, Talata ta sake tsayuwa a gaban wuta tana juyi har ƙafafunta suka kumbura suka ƙi shiga silifa. Shi ne mai ɗauko mata tukwane, shi ne mai riƙe mata rariya. Bakinsa bai huta da shawara ba. A girgiza tukunyar don iska ta shiga. A ɗaga ta daga siminti a ɗora a kan katako. A ƙara sukari cokali biyu. A jefa busasshen inabi. Duk ta yi, ita da ta fi shi sanin giya tun bai san hanyar makaranta ba. Daga ƙarshe ya zaro wani ɗan ƙunshin yis, garin tayar da giya na kanti, daga firij.

"Ki bar ni in barbaɗa wannan. Kafin safiya za ki ga kumfa, ba wanda zai san bambanci."

"Ni zan sani," in ji Martina. "Uwata ba ta taɓa barbaɗa wa tukunyar nan garin takarda ba."

Laraba da safe, shiru.

Da yamma Constance ta zo daga Sterling, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta sauka ta ga tukunyar, ta hau, ta zauna a kicin ta harɗe hannu. Bartholomew yana tsaye jikin firij da kofin shayi.

"Martina, ni ba na sha, kin sani," in ji Constance. "Amma a gidan na girma. Sau ɗaya tukunyar nan ta taɓa ƙin tashi, shekarar da Baba ya ɗaga wa Mama hannu. Sai da ya durƙusa ya ba ta haƙuri."

"Me kike so ki ce, Yaya?"

"Ba abin da nake so in ce. Kin tara mutum sittin su tuna da matar da ba ki zuba wa ƙasa ko tafi ɗaya ba. Kwana tara tana kallon ƙofa. Wataƙila ba ta son bikin naki."

Martina ta juya ta dubi mijinta. Shekara goma, duk lokacin da Constance ta tayar da maganar nan, shi yakan ce a bari, takardu ne, ba laifin kowa ba. Ran nan sai ya dubi cikin kofinsa ya ce, "Bari in duba hitar nan," ya sauka ƙasa.

Kafin Constance ta isa gida ta kira matan zumunta huɗu ta ce a sa ƙanwarta a addu'a, ta kuma faɗi dalili. Wayar Martina ta fara ƙara. Wata ta ce ta yi azumi. Wata ta ce ta aika gida a gyara kabarin. Wata dattijuwa daga Baltimore ta ce, "'Yata, matattu ba sa mantuwa."

Martina ta yi shekara ashirin tana aikin nas. Ta san ƙwayar cuta, ta san abin da ke sa gari ya kumbura. In wata ce ta zo mata da labarin tukunya mai fushi, da dariya za ta yi. Amma da wayar ta yi shiru, ta sauka ɗakin ƙasa, ta durƙusa a kan siminti da kumburarrun ƙafafunta, ta dafa tukunyar da hannu biyu. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Ban ƙi zuwa ba. Yaran ne, Mama. Ki yi haƙuri." Ta daɗe tana jira. Bartholomew yana can ɗaya gefen ɗakin, ya ba ta baya, yana goge kwalbar da ya riga ya goge.

Alhamis da safe ta yanke shawara. In Mama ta ƙi ta, baƙi dai ba su yi laifin komai ba. Ta ce za ta je shagon da mijinta ke sayen kayansa, ta sayi yis da zai ishi duro uku.

"Ki huta, ni zan je," in ji Bartholomew.

"Zan je."

"Ƙafarki fa. Minti arba'in na dawo."

"Kunyata ce, ni zan ɗauke ta."

Ya ce to shi zai tuƙa. A hanya ya yi ta rarrafe kamar mai koyon mota. Ya wuce mararrabar da ya kamata ya shiga, shi da a da yake zuwa wurin duk mako. Sau biyu ya ce wataƙila ma ba su buɗe ba. Sun buɗe.

Mai shagon wani Bature ne mai jan gemu, mai fara'a, irin mutanen da ba sa mance fuskar mai ciniki. Yana ganinsu ya buɗe hannu, ya ce da Turanci, "Bart! Kwana biyu. Yaya tukunyar ƙasan nan ta ƙare? Ba ta dai fashe a oben ba ko?"

Bartholomew ya ce sun zo sayen yis ne, suna sauri.

Martina ta matsa gaban kanta. Ta yi murmushin da take yi wa majinyaci kafin ta soka masa allura. Ta ce, "Wace tukunya?"

Bawan Allah ya zuba labari da murna. Ai Bart ne ya zo yana kukan giyarsa tana tsami. Da aka bincika, ashe akwai wata tsohuwar tukunyar yumɓu a ɗakin, cike da yis na daji, shi ke bin iska yana faɗa wa kwalabensa. Shi kuma ya ba shi shawara: a jiƙa ta awa biyu a ruwan bilic, maganin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye, a sa a oben, murhun gashi, awa guda a zafi ɗari huɗu. Ya ce, "Ba abin da zai rayu bayan wannan, Madam, ko a cikin ƙofofin yumɓun. Daga waje ba za ki ga alama ba." Ya juya wurin Bartholomew. "Giyar ta daina tsami ko?"

"A wane wata ne?" in ji Martina.

"Farkon Satumba. Na tuna, don ya ce matarsa tana aikin kwana biyu a jere, gidan ba kowa."

Mai makoki tana so a rubuta cewa ba ta riƙe Baturen da komai ba. An tambaye shi yadda ake kashe abu, ya faɗa. Ba a gaya masa ta wace ce ba.

Ta yi masa godiya. Ta fita. A wurin ajiye motoci ta zauna a kan dakalin siminti, cikin sanyin nan, sai dariya ta kuɓuce mata. Ta yi ta dariya har ta koma kuka, tana faɗin, "Ashe ba Mama ba ce. Ashe ba Mama ba ce." Wata mata mai tura keken jariri ta tsaya ta tambaya ko a kira motar asibiti.

Bartholomew ya zo ya tsaya a kanta. "Martina, don Allah ki saurare ni. Na zaci wanki ne kawai. Na zaci za ta sake kamawa da kanta. Sai ranar Lahadi da na ga ruwan a kwance na gane."

"Ranar Lahadi ka gane."

"Tsoro na ji."

"Ka gane ranar Lahadi, ka ce mini sanyi ne. Ka sa na kira Umaru. Ka sa na zubar da dawata, na sayo ruwan kwalba, kana riƙe mini rariya." Ta miƙe. "Jiya kana tsaye jikin firij, Bartholomew. Ka ji abin da Yaya ta faɗa. Ka ga na durƙusa ina roƙon gawa. Kalma biyu ce, ni ne. Da ka faɗa, da na zage ka, da na fasa maka kwalba ɗaya ko biyu, da yanzu an wuce wurin."

Ta miƙa hannu, ya sa mata makullin mota. Bas biyu ya hau, ya ƙarasa sauran a ƙafa, ya iso gida bayan awa uku da hanci ja.

Wannan shi ne sunan da aka yi alkawarin faɗa: Bartholomew Didam, mijin mai makoki na shekara ashirin da biyu, dattijon coci, uban 'ya'yanta.

Da ta kira Constance ta gaya mata, Constance ta ce, "Ai ni addu'a kawai na ce a yi." Ba ta ƙara ko kalma ba. Amma Juma'a da sassafe sai ga ta da zoɓo da citta leda biyu, ta ɗaura zane ta kama wanke manyan tukwane ba wanda ya sa ta. Mai makoki ta gani. Ba ta ce ya isa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar muciya guda, wadda tare suka zo daga gida, yanzu ba ta da abin juyawa. Ta bar rariya, da ƙorai goma sha biyu, da shuɗɗan duro uku da suka dogara da ita, waɗanda ba su taɓa tayar da komai da kansu ba. Ta bar dattawa da dama a jihohi huɗu da ba su san inda za su yi Kirsimetin bana ba. Ta bar Martina. Ta kuma bar 'yar Martina ta fari, wadda ke jami'a, wadda ke jin Hausa ta amsa da Turanci, wadda a bana ne karo na farko ta ce da bakinta, in ta zo hutu a koya mata. Kwalaben gilashi shida da ke zaune ɗaki ɗaya da marigayiya ba sa cikin magada, kada kowa ya yi musu ta'aziyya.

Jikin marigayiya yana nan lafiya lau, ko tsaga babu. Wasu sun ce a ci gaba da zuba mata, in an yi shekara biyu ko uku wani ƙanzon zai taru. Zai taru. Amma na Maryland ne zai taru, ba wanda Mama Talatu ta fara ba. Mai makoki ta ce ba za ta ajiye baƙuwa a cikin fatar Gwaggo tana kiranta da sunanta ba.

Ga tsarin jana'iza. Gobe Asabar, addu'ar tunawa da Mama Talatu tana nan da ƙarfe sha biyu na rana a gidan mai makoki, ba a ɗaga ba, ba a rage ko mutum ɗaya ba. Babu burukutu. Da sauran tsiron dawar an dama kunun zaƙi, akwai kuma zoɓo. Wanda ya zo da kwalba a hannu zai koma da abarsa.

Da ƙarfe biyu za a fito bayan gida. Kafin a sa marigayiya a makwancinta, Bartholomew zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, da watan, da awa nawa, da zafi nawa, da kuma kwanakin da ya yi shiru. Da Hausa zai faɗa. In ya sako Turanci ko kalma ɗaya, zai koma farko. Ana roƙon matan zumunta huɗu da aka kira ranar Laraba, da duk waɗanda su ma suka kira, su zauna a layin gaba inda za su ji da kyau. Daga nan zai fito da kwalabensa shida ɗaya bayan ɗaya, ya tuntsurar da abin da ke ciki a magudana da hannunsa. Wanda ke son kwalba ya ɗauka, kyauta ce.

Masu ta'aziyya su kiyaye abu biyu. Kada a ce wa mai makoki ai tukunya ce kawai. Kada kuma a ce za a sa a kawo mata wata daga gida. Duk wanda ya faɗi ɗaya daga ciki, za a miƙo masa kwat ɗinsa.

Za a binne marigayiya a gindin bishiyar da ke kusa da shinge. Ƙasar wurin ta daskare, ga saiwoyi. Injiniya Umaru ya ba da aron shebur da diga, an kuma roƙe shi kada ya ƙara da komai. Tun safiyar yau Bartholomew yake wurin, tafukansa sun yi bororo sun fashe. Da azahar ya aiko Umaru ya tambaya masa, ko akwai ran yafiya kafin Kirsimeti. Mai makoki ta ɗaga labulen kicin ta duba. Ta ce a gaya masa ya ci gaba da haƙa, ramin ko gwiwa bai kai ba.